Ranar Da Na Miƙe A Wurin Gwanjo

Tsibirin Tolliver, Carolina ta Kudu
9 ga Satumba, 2013

Zuwa ga Yayana Cleophus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafa, yaya Philadelphia? Ina fata maganin shan sa kake yi, ba ɓoyewa a aljihu ba. Na rubuto ne don in na kira ka a waya sai in yi ta ihu kana cewa "Wa ya mutu?", ita kuwa wannan magana ba ta ihu ba ce.

Yaya, an manna mana jar takarda a jikin bishiyar bakin hanya. Haraji ne. Ka san tun da kakan Baba, Scipio Mungin, ya sayi ekar nan goma sha ɗaya bayan an 'yanta bayi, ba a taɓa raba ta ba, ba a kuma sauya sunan da ke takardar ba. Gwaggo Hagar ce ke karɓar wasiƙar haraji, ta bi mu gida-gida tana tara kuɗin. Da ta rasu na ɗauka ɗanta Rufus ne ya ci gaba, shi kuma ya ɗauka ni ce. Na je gidanta da ke rufe, na tarar da wasiƙun sun jiƙe sun manne da juna, dukkansu da sunan mutumin da ya shekara casa'in a ƙasa. Kuma wai tun da aka gina otal a tsallaken ruwa filinmu ya yi daraja. Dala dubu tara da ɗari huɗu! In ba a biya ba, za a yi gwanjonsa farkon Oktoba, da gidana, da maƙabartarmu, da komai.

Na je ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta. An haɗa ni da wata Denise Whitlock, sa'ar Loretta 'yata, mai magana da sauri kamar ana bin ta. Ta ce in sayar da itatuwan katakon da Baba ya shuka, in biya kafin ranar. Na ce mata, "'Yar nan, ke baƙuwa ce. A nan in ka miƙe a wurin gwanjo ka ce ƙasar gado ce, ba mai ɗaga hannu. Hukuma ta riƙe, ka biya a hankali." Ta ce wannan ba ya cikin doka. Na ce tun ba a haifi uwarta ba haka ake yi. Itatuwan da Baba ya dasa da hannunsa kuwa ba za su faɗi a kan wata takarda ba.

Kada ka tashi hankalinka. Ka gaida duk masu kula da kai.

Ƙanwarka,
Ernestine

10 ga Oktoba, 2013

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi. Na samu wasiƙarka da dala ɗarin da ka sa a ciki, Allah ya saka. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na je. Na sa farar rigata ta coci da hula. Zauren ya cika, rabi mutanenmu ne, rabi masu saye. Kafin a zo kanmu, mutum biyu sun miƙe sun faɗi maganar, zaure ya yi tsit, aka wuce. Har na juya na yi wa lauyar murmushi. Da aka kira sunan Scipio na miƙe na ce, "Ƙasar gado ce. Iyayenmu suna kwance a cikinta." Na ga masu sayen nan na garinmu sun sauke hannu, har da tsohon Baturen nan mai shagon ƙarafa da bai taɓa gaishe ni ba.

Sai wani a layin baya, da waya manne a kunne, ya ɗaga katinsa. Yaya, ko kallona bai yi ba. Mutane suka ɗau guna-guni. Rufus ya ce da ƙarfi, "Kai malam, kurma ne kai? Ta ce ta gado ce!" Mutumin ya ɗaga kai ya ce, "Ku yi haƙuri, ni aiko ni aka yi." Wani kamfani ne a can nesa ke faɗa masa lamba a waya. Ban san ina tsaye ba har aka kira suna na gaba, sai da Denise ta ja hannuna na zauna.

A mota ta yi min bayani. Filin bai tafi ba tukuna, amma yanzu kamfanin ne ke riƙe da shi a kan bashin. Muna da shekara ɗaya cif mu fanshe, a dunƙule, da kuɗin ruwa, da harajin bana a kai. Ya kusa dubu ashirin. Ban ji ta ce "ai na faɗa miki" ba, da ma ta faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Washegari da sassafe na kira mai sayen katako. Ya ce da wata guda da ya wuce ne da ya zo da motocinsa, amma yanzu ba ya taɓa itace a filin da wani ke riƙe da shi.

Laifina ne. Na rubuta maka da hannuna don kada ka ji a bakin wani.

Taka,
Ernestine

22 ga Yuni, 2014

Yaya Cleophus,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. An ce ka kwana biyu a asibiti, ka kuma hana a faɗa min. Halinka ke nan tun muna yara. Na karanta abin da ka rubuta, cewa in lokaci ya yi a kawo ka gida a kwantar da kai kusa da Mama, fuskarka na kallon ruwa. Ban iya gama wasiƙar a zama ɗaya ba.

Ga inda muke. Banki ya ce ba ya ba da rance a kan filin da ba sunana ba. Denise ta ce sai kotu ta tantance magada kafin a sa sunan mai rai a takarda, kafin nan kuma sai an nemo kowa. Mun zauna a kicin ɗina da babban Littafi Mai Tsarki na Mama, inda take rubuta haihuwa da mutuwa, muka ƙirga mutum sittin da uku. Yarinyar nan ta rubuta wa kowannensu. Goma sha ɗaya suka amsa. Ɗaya daga Detroit cewa ya yi nawa ne kasonsa in an sayar. Jikan Gwaggo ne fa, wanda na goya! Wata kuma ta ce ai ni ke zaune a ciki, ni zan biya. Gaskiya ta faɗa, amma ranar taron dangi ita ce ke fara cika kwano da ƙaguwa.

Ina dafa jar shinkafa da jatan lande duk Asabar ina sayarwa a ƙofar coci. Fasto ya sa an tara mana gudummawa a coci sau biyu. Rufus ya sayar da kwalekwalensa, ya kawo kuɗin yana kuka, har na kasa ci gaba da fushi da shi. Duk da haka ba mu kai dubu goma sha ɗaya ba. Na ɗauka na kai ofishin haraji, matar ta tura min abina ta ƙarƙashin gilashi, ta ce ba sa karɓar rabi.

Denise ta shigar da ƙara, wai sanarwar da aka aika wa matacce ba sanarwa ba ce. Ta ce min kada in sa rai sosai, don sun kuma manna takarda a bishiya, kuma na gani. Na ce to in ce ban gani ba. Ta ce, "Mama, mutum ɗari biyu sun ga kin miƙe."

Na gaji, Yaya. Kuɓewa ta yi kyau bana, ina tsinka ina tunanin ko ta ƙarshe ce. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ernestine

16 ga Nuwamba, 2014

Yayana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka sauƙi. Ka ga adireshin da ke bayan ambulan ya sauya. Ina wajen Loretta a cikin gari, a ɗakin da take ajiye keken ɗinki.

Wa'adi ya cika muna da dubu goma sha huɗu. Alƙali ya saurare mu minti ashirin, ya ce ya tausaya, amma an bi ƙa'ida. An ba kamfanin takardar mallaka. Akwai rarar kuɗin gwanjo da aka ce na magada ne, yana can a ajiye da sunan Scipio, sai ranar da mutum sittin da uku suka sa hannu. Na mayar wa Rufus kuɗin kwalekwalensa, na mayar wa coci nasu. Naka ma ga shi a ciki, kada ka dawo min da shi.

Ranar da na kwashe kaya Denise ta zo da tsohon wando ta taya ni ɗaurin kwalaye. Ta yi kuka fiye da ni. Abu ɗaya ta iya ƙwato mana a rubuce: ba za su taɓa kaburbura ba, kuma muna iya ziyara in mun sanar da su kwana bakwai kafin mu je. Na je makon jiya. Sun sa ƙofar ƙarfe. Wani mai gadi ya duba sunana a takarda, ya raka ni har gaban Mama, ya tsaya yana duba agogo. Itatuwan Baba kuwa sun riga sun sare su, cikin kwana huɗu.

Na sa Denise ta tambaye su maganarka. Ta tambaya sau uku, har ta ce za mu biya. Sun ce waɗanda ke ciki su zauna, amma ba za a ƙara kowa ba.

Yaya, ka yafe min. Na yi ta juya yadda zan faɗa maka, ban samu hanya mai taushi ba. Ka sa a nema maka wuri a can Philadelphia tun kana iya zaɓa da kanka. In ka samu, ka tambaye su ko na kusa da shi babu kowa, ka kama mana biyu.

Ƙanwarka har kullum,
Ernestine