Ku Maido wa Inna Tsohon Fim Ɗinta

Zuwa ga Shugaban masu tura fina-finai a salula na kasuwar Dakoro,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, ina kuma gaishe ka da aiki, in dai goge kayan mutane aiki ne.

Alhaji, ni ce Rabi mai awara ta bakin tasha. Mahaifiyata, Inna, idonta ya daɗe da tahiya. Abin da ya rage mata na jin daɗi fim guda ne na Indiya, tsoho tukuf, wanda marigayi Baba ya kai ta sinima a Maradi suka kalla tana amarya. Ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma in tana rera waƙoƙinsa sai ka rantse can aka yanke mata cibi. Ranar kasuwar da ta wuce na kai kart memuwar ɗinta, wato katin ajiyar salularta, rumfar wani mutuminka, ya ƙara mata wa'azi. Bawan Allah ya ga wuri ya cika, ya share fim ɗin, ya sa mata sabon da aka sake yi. Har yana jira in yi mishi godiya.

Na ɗaya, sabon ba shi da waƙa. Da saurayin ya buɗe baki zai rera sai a yanke, ka gan shi bisa mota yana jibgar mutane. In ƙarfi muke son gani, ai mun san hanyar filin kokowa.

Na biyu, an juya shi Hausa, kuma ƙato guda ke magana da bakin kowa. Shi ne saurayin, shi ne uwar, shi ne budurwar, yana matse murya kamar akuyar da aka taka wa igiya. Inna ta saurara, ta tambaye ni ko mura ce ta kama yarinyar. Da ta gane abin da aka yi mata, sai ta miƙo mini salular, ta juya fuska bango. Wallahi raina ya ɓaci, ranar ko awara ban soya ba.

Na uku, da na koma rumfar, mutuminka ya tambayi sunan tsohon fim ɗin, wai shi sabon, sunan Hausa kaɗai gare shi. Ina muka sani? Mu a gida fim ɗin Inna muke ce mishi. Ya ce tsohon yayi ne, ba mai tambayarsa yanzu. To ni da ke tsaye gabansa, aljana ce?

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tara mutanenka su bincika injinansu, har na garin Sabon Maci in ta kama. Tunda ba mu da suna, zan ɗoro Inna bisa amalanke in kawo ta ta rera muku, ko Allah zai sa wani ya gane. Kuma ka hana su goge wa tsofaffi kaya ba tambaya.

Ku dai hanzarta. Yanzu da ka take rera waƙoƙin, kuma sun fara kuɓuce mata. Jiya da hantsi ta tsaya tsakiyar wadda Baba ya fi so, ta tambaye ni abin da ke biye. Tun ina goye nake jin waƙar nan, Alhaji, amma ban iya kawo mata ba.

Allah ya ƙara kasuwa, ya bar ka da idonka, ya ba ka ƴaƴan da ba za su share maka abin da kake so ba.

Wassalam.
Rabi mai awara, Dakoro