Waken Nelda

Litinin, 10 ga Maris

Na je wajen Nelda a gidan jinya. Tun watan Janairu da ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ba ta wuce "i" da "a'a" ba. Yau ta kama hannun rigata da hagunta ta ce, "Wake." Sarai, kamar da can. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka yunwa take ji. Ni mijinta na san abin da take nufi.

Kwalbar wakenta tana cikin firiza, bayan naman barewa. Irin waken uwarta ne, ita ma ta gada daga tata uwar. Kowace shekara Nelda ta shuka, ta ɗebi sabon iri ta mayar. Bara ruwa ya yi yawa, abin da ta samu ko rabin kwalba bai kai ba.

Likita ya ce a watan Yuni za ta dawo gida, a keken guragu. To. Za ta tarar da wakenta a tsaye. Mutumin da ya fara da tsohuwar mota ɗaya da injin gwanjo, har ya haƙa wa rabin gundumar nan rijiyar burtsatse, ba lambu ne zai gagare shi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na zana lambun a bayan kwali. Nata tsohon yana can kan gangaren bayan gida, keke ba zai hau ba. Zan sauko da shi ƙasa, bakin rafi, inda fili yake shimfiɗe. Akwatunan katako masu tsayi daidai hannun wanda ke zaune, da hanyar siminti a tsakani. Albasa, kabeji, dankali, latas. Tumatir da barkono daga baya. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a bakin hanya, tana son ƙamshinsu. Wake a akwatuna biyun ƙarshe, inda rana ta fi daɗewa.

Rabona da shuka tun babana yana sa mu noman taba. A lokacin na rantse ba ni ba fartanya har abada. Ashe dai.

Asabar, 22 ga Maris

Siminti ya bushe. Na ɗora ma'aunin ruwa, ko ɗigo bai karkace ba. Bayana yana ciwo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Albasa, kabeji, dankali da latas sun shiga ƙasa. Na sayo taki a shagon Hobert. Tare muka yi sakandare da shi, tare muka bari. Yana ganina ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Arvel da lambu! Ku kira fasto, duniya ta zo ƙarshe."

Na ce ya loda mini buhunan ya rage surutu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na tarar da Verlie a ɗakin Nelda, tana tsefe mata kai. Yayarta ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai da kaji a can ƙarshen hanya, saman kwari. Tun ranar aurenmu ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Mai Burtsatse, an ce ka zuba siminti a lambu. Shi za a ci bana?"

Na ce sannu, Yaya Verlie.

Ta ce in lokacin wake ya yi in gaya mata ta zo ta sa hannu, kuma kada in juye kwalbar duka, su rabi suke shukawa su ajiye rabi. Na ce na ji, amma ban taɓa roƙon kowa ko allura ba, ba kuma zan fara a kan wake ba. Nelda tana binmu da ido, daga ni sai ita.

Rabin rabin kwalba. Akwati ɗaya kawai zai cika. Me za a nuna wa mutum a nan?

Talata, 15 ga Afrilu

Mako guda ke nan ana zafi kamar tsakiyar bazara. Na tsaya wajen Hobert sayen igiya, na faɗa masa yau zan shuka wake.

"Yanzu? Ka bari sanyin bilakberi ya wuce mana. Bilakberin, ƙayar nan mai 'ya'ya, ko fure ba ta yi ba. Sai ta yi fari a bakin hanya, sanyin ya dawo ya yi nasa ya tafi, sannan a yi maganar wake."

Na nuna masa wayata, hasashen yanayi na kwanaki masu zuwa duk rana. Na ce ni ba na shawara da ƙaya.

"Wayarka a gari take zaune, Arvel. Kai kuma a ƙasan kwari."

Na shuka. Duka. Akwati biyu cif. In na jira Mayu, Nelda za ta dawo ta tarar da shi bai wuce gwiwa ba. Na wanke kwalbar na kife.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ya fito. Layi a miƙe kamar an ja da zare. Na tsaya a kansa har kofina ya huce.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na ɗauki hoto na kai wa Nelda. Ganye ya buɗe, ya fara neman abin kamawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta kalli kalandar da ke bango, ta sake kallona. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Wataƙila gajiya ce.

A hanyar dawowa ƙayar bilakberi ta yi fari tun daga gada har kwanar coci.

Laraba, 7 ga Mayu

Na fito da safe ciyawa fari fat, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Raɓa ta daskare a ƙasan kwarin kaf. Ganyen wake kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. Na watsa masa ruwa da mesa kafin rana ta fito, wai ko da rabo. Zuwa hantsi ya yi baƙi ya kwanta.

Kabeji lafiya. Albasa lafiya. Na'a-na'a ko a jikinta.

Na hau gangare na duba tsohon lambun Nelda. Ciyayin wurin kore shar, sanyin bai hau can ba.

Waya ta ce a gari bai daskare ba. Gaskiyarta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na tona, ko akwai ƙwayar da ta makara ba ta fito ba. Babu. Iri mai kyau ne, duk ya fito.

Lahadi, 11 ga Mayu

"Wake?" in ji Nelda, ina shiga.

Na ce yana nan. Na gyara mata filo, na yi maganar kabeji.

Talata, 13 ga Mayu

Hobert ya zube mini duk irin waken da ke shagonsa a kan kanta. Babu mai kama da shi. Na Nelda ƙanana ne, ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan fakara. Na ce in an shuka wani, ganye dai ganye ne. Ya ce a ganye za ka ruɗi Nelda, a tukunya fa?

Bai ce "na gaya maka" ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Mutum ɗaya ce ke da shi a duniyar nan, ka kuma san gidanta."

Na ce na san gidaje da yawa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na kai har kwanar hanyar Verlie. Na juyo. Akwai aikin famfo da ke jirana.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je.

Tana baranda tana ɓare gyaɗa. Ba ta tashi ba.

"Mai Burtsatse. Ɓatan hanya ka yi?"

Na ce waken ya mutu.

"Na sani. Daga nan na hango kwarinku fari ran Larabar makon jiya. Saura nawa a kwalba?"

Na ce ko ƙwaya babu. Ta ajiye kwanon gyaɗar a hankali.

Na sa hannu a aljihu na ce ta faɗi kuɗinsa. Ta ce in mayar da hannuna inda na ciro shi, irin Mama ba ya shiga kasuwa. Na ce to zan turo yara su zuba mata tsakuwa a hanya, duk ramuka ce. Ta ce ramukanta ne, ta saba da su.

Ta shiga ciki ta fito da kwalba, ta ɗora a kan katakon baranda. Ita ma tata ba ta cika ba. Na buɗe baki, "Yaya Verlie, na g..."

"Kul! Rufe bakinka! Ba a gode wa iri, in ka gode ba ya fitowa. Shekara arba'in kana auren 'yar gidanmu ba ka san wannan ba?"

Na ce camfi ne.

"Camfi ne. Wanda ka shuka da wayarka yana ina?"

Ta ci gaba:

"Kuma ni ban ba ka ba, ka ji da kyau. Na sata ya fi yabanya, haka Mama take yi da kowa. Zan je in duba kajina. Abin da ya sami kwalbar nan a bayan idona ban sani ba."

Ta sauka ta juya mini baya. Ni kuma na tsaya. Tun da nake ban taɓa ɗaukar tsinken wani ba. Da ina yaro ma da yunwa nake wuce gonar tuffa ta mutane hannuna a aljihu. Yanzu ga ni da furfura, ana so in yi sata da rana tsaka a gidan gwauruwa.

Tana watsa wa kaji tsaba tana yi musu magana da ƙarfi. "Ku 'yan nan, akwai wani ƙato a barandata ya tsaya kamar turke. Ko saiwa yake jira ta fito masa, oho. Ni dai wuyana ya fara gajiya."

Na buɗe kwalbar. Na ɗebi tafi ɗaya na zuba a aljihun gaban riga. Na mayar da murfin. Na nufi mota ban waiwaya ba. Ina kunna inji na ji ta, har lokacin bayanta take ba ni:

"Jama'a, an yi mini sata!"

Asabar, 17 ga Mayu

Na shuka rabi. Akwati ɗaya. Sauran yana cikin kwalba a firiza. Ɗaya akwatin na sa tumatir da barkono, dama suna buƙatar wuri.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ya fito. Ba duka ba, amma ya fito.

Na haɗu da Verlie a ƙofar coci. Kalmar godiyar nan ta taso mini har baki. Ta gani, ta ɗaga mini yatsa. Na tambaya sai yaushe ake iya faɗa, ko bayan an girbe. Ta ce ba ranar.

Abin yana damuna fiye da yadda ya kamata. Na saba in biya mutum in wuce.

Talata, 3 ga Yuni

Na kafa wa waken bututun ƙarfe daga wurin aiki, ya samu abin hawa. Barewa ta ci latas. Na'a-na'a ta tsallaka akwatin albasa ba wanda ya gayyace ta.

Asabar, 14 ga Yuni

Nelda ta dawo gida.

Kafin a shiga ɗaki ta nuna ƙasa da haɓarta. Na tura keken. Hanyar simintin ta yi aikinta, ko girgiza babu. Verlie tana biye da mu da jakar magunguna. Nelda ta murza ganyen ɗoɗɗoya ta kai hanci. Ta taɓa kabeji. Muka isa ƙarshe.

Akwati ɗaya, ba biyu ba. Tsayinsa kaɗan ya ɗara wanda na nuna mata a hoto tun farkon Mayu. Ta juya ganye ɗaya ta duba bayansa. Ta kalli tumatirin da ke inda wake ya kamata ya kasance. Ta kalli yayarta. Verlie ta tsura wa rafi ido kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba.

Sai ta ɗago ta kalle ni. Bakinta ya yi ta kokawa, na sunkuya.

"Ɓarawo," in ji ta.

Gefen bakinta na hagu ya ɗaga. Verlie ta rantse da kabarin Mama ba ta gaya mata komai ba, sannan ta zauna a bakin akwati tana dariya tana share ido da gefen riga. Ban yi musu ba. Kalma ta huɗu ke nan, kuma mai wuyar faɗa ce. Zan gaya wa likita, ko da yake ban san yadda zan yi masa bayani ba.

Da za ta tafi, Verlie ta dafa bututun ta janye hannu. Ta ce ƙarfe yana ɗaukar zafi, zai ƙone waken in Yuli ta shigo, sandunan itace ake sawa. Na ce ƙarfe ya fi ƙarko. Ta ce ran Talata za ta zo ta ga ƙanwarta, ba lambuna ba.

Gobe bayan coci zan shiga daji in saro sanduna. Bututun dama ana buƙatarsu a wurin aiki.