Harsashi Mai Rigar Tagulla

Zuwa ga Yayana Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan Allah ya yalwata maka makwancinka, ina rubuto maka ne daga Maruta, daga zauren da ka gina da hannunka. Na san ba za ka karanta ba. Waɗanda za su gani a wayoyinsu su yi mini haƙuri, ba da su nake ba.

Jiya na gaya wa ɗanka Nasiru yadda ka mutu. Ka bar shi yana goye. Bayan yaye mahaifiyarsa ta koma Fagam ta yi wani auren, shi kuma ya zauna a hannuna. Ya san kai ka haife shi, amma ya tashi yana ce mini Baba, ni kaɗai ya buɗe ido ya gani a matsayin uba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, tsoron kada in rasa shi ne ya ɗinke mini baki.

Bari in tuna maka daga farko, ko da yake kai ka fi ni sani.

Mu 'ya'yan maharba ne, da bindigar adaka muka tashi. Kai ka koya mini ɗura ta: albarushi gwargwadon tafin hannu, tsumma, gutsattsarin ƙarfe, a danna da sanda, a yi bismillah. Kai ka koya mini iyakarta kuma. Ka ce bayan taki saba'in ƙarfenta ya gaji, ko riga ba zai huda ba. Shi ya sa idan mun fita, ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya zagaya ta can gefe ya koro naman, sannan ya ja da baya taki ɗari ya tsaya abinsa. Haka Baba ya yi da ƙaninsa, haka muka yi ni da kai, ba a taɓa jin ko ƙwarzane ba.

A shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, mutane suna ta murnar an raba mu da Kano, gadu suka addabi gonakin Farin Dutse. Wani Alhaji mai motocin haya a Birnin Kudu yana da gona a can. Shi ya kawo mana bindigar Bature a cikin bargo, ya ce a Kano ya saye ta, cikin kayan wani tsohon Bature mai farauta da ya koma ƙasarsu. Tana da wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama. Ka ja shi ƙasa ka mayar, kwanso ya yi tsalle ya fita, sabon harsashi ya shiga. Mu da muke ɓata rabin hantsi wajen ɗuri ɗaya, sai muka zauna muna kallonta kamar an kawo mana amarya.

Harsasan suna cikin gwangwanin alawa, iri biyu ne, tsayinsu ɗaya. Wasu bakinsu dalma ce tsirara, baƙa-baƙa, ba kyan gani. Wasu an rufe su ruf da tagulla, suna ƙyalli. Kai da ba ka yarda da abu sai ka gwada, ka kai mu wani suri a bayan gari. Mai bakin dalma ya shiga surin ya tsaya, da muka tono shi ya baje kamar ƙosai. Mai tagulla ya shiga ta nan ya fita ta can, muka ji ya tsaga iska ya tafi, muka neme shi har muka gaji. Ka daɗe kana kallon ramin, sannan ka ce, "Garba, wannan ba na gona ba ne. Ware su gefe."

Ban ware su ba, Yaya. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai jiya. A raina na ce wanda ya huda suri ai shi ne mai ƙarfi, gadu kuma fatarsa kauri gare ta. Ina so in kayar da shi da harbi ɗaya, Alhaji ya yaba, kai kuma ka daina ce mini Garba sarkin sauri. Da safen da muka fita, masu ƙyallin na zuba mata.

Dawa ta fi mutum tsayi lokacin. Na durƙusa a gindin wata kanya, kai ka zagaya kamar kullum. Na ji kana buga gwangwani, na ji ka yi shiru, na san ka ja da baya ka tsaya. Ka ƙara ma a kan yadda muka saba, don ka san ba adaka ba ce. Daga ni har kai ba wanda ya san taki nawa ya kamata a ƙara.

Gadun ya fito a guje, na saita kafaɗarsa na ja kunama. Ya faɗi nan take. Na miƙe ina kiran sunanka ina dariya, ina cewa ka zo ka ga aikin sarkin sauri. Wannan dariyar ce ta fi komai ci mini rai har yau, don a lokacin da nake yin ta kana kwance cikin dawa, harsashin ya ratsa gadun ya same ka a ƙasan haƙarƙari.

A amalanke muka kai ka bakin titi, daga nan wata akori-kura ta ɗauke mu zuwa asibitin Birnin Kudu. Kanka yana bisa cinyata. Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Ka tambaye ni ko gadun ya faɗi, na ce ya faɗi. Ka yi kalmar shahada, ka cika kafin mu shiga gari.

'Yan sanda suka tafi da bindigar, ni ma na yi kwanaki a wurinsu. Inna ce ta je gaban hukuma da sandarta ta ce ta yafe jini, ba za ta binne ɗa ɗaya ta kai ɗaya kurkuku ba. Da muka dawo gida ta tara dangi ta hana kowa gaya wa yaron wanda ya yi harbin, a ce hatsarin farauta ne kawai. Gari ya riƙe mata amanar har bayan ranta. Amma daga ranar ba ta sake cin abinci a gabana ba. Adakarmu kuwa, na jefa ta a tsohuwar rijiya.

Bana ɓarayin shanu suka dame mu, aka kafa 'yan sintiri, Nasiru ya shiga. Jiya da hantsi ya shigo zaure da bindiga a kafaɗa, ya ce, "Baba, an ce ku maharba ne tun kakanni. Koya mini." Ya riƙe ta bakinta yana kallon ƙofar gida, inda matarsa take shanya. Na ga in na yi shiru wannan karon, wani jinin ma a wuyana zai hau. Na ce ya jingine ta, ya zo mu je Farin Dutse.

A kan babur ɗinsa muka je. Kanyar tana nan. Na tsaya a gindinta na faɗa masa komai, surin, da maganarka, da harsashin da na zaɓa, har dariyar ban ɓoye ba. Da na gama ya tambaye ni inda ka tsaya, na nuna masa. Ya fara takawa yana ƙirgawa, ina kallon bayansa, tafiyarka sak. Ya kai wurin ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya ce taki ɗari biyu da goma ne. Ni ban taɓa iya ƙirgawa ba.

Ya goyo ni muka dawo. Na yi zaton zai zage ni, ko ya kwashe iyalinsa ya bar gidan, kuma na shirya wa hakan. Bai yi ko ɗaya ba. Yau da safe ya zo gaishe ni kamar kullum, ya durƙusa a inda ya saba, ya tambayi ƙafata mai ciwo. Sannan ya ce, "Ina kwana, Baffa."

Bai yi kuskure ba, Yaya, sunan da ya dace da ni ke nan tun farko. Na amsa masa lafiya lau. Wallahi ina son yaron nan fiye da waɗanda na haifa, kuma na san aro na yi shekara talatin ina ci. Yau mai abu ya karɓi abinsa.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Allah ya tsare hannun Nasiru daga abin da nawa ya aikata. Inna ta yafe, hukuma ta sallame ni, saura kai. Idan Allah ya tsayar da mu gobe, ina roƙon ya ba ka zuciyar yafe mini, ya ba ni ƙarfin ɗaga ido in dube ka.

Ƙaninka,
Garba, baffan Nasiru