Silin Gashinki a Cikin Agogo

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan randata bayan doguwar tafiya, matata kuma abokiyar tsokanata,

Gaisuwa irin ta mai kewa. Na ba ƙanwarki Auta takardar nan ta karanta miki a kunne, domin nas ta ce marar lafiyar da bai farfaɗo ba yakan ji magana ko da bai amsa ba. To ki ji ni, masoyiya, ki ji ni da kyau, yau da roƙo na zo.

Kin tuna ranar da muka tsaya gaban gilashin babban kantin nan, muna kallon agogon manyan mutane, mai shuɗiyar fuska kamar sama bayan ruwa ya ɗauke? Kika ja ni kika ce, "Mu dai namu kallo ne, Malam, zo mu wuce kafin mai gadi ya ɗauka ɓarayi ne." Ni kuwa, mai gyaran firji da yatsu kamar taɓare, na rantse sai na haɗa miki irinsa. Wata da watanni ina tsintar kaya: jikin ƙarfe daga nan, fuska daga can, tsinkaye, madauri, da injin da ba ya cin batir sai an murɗa shi. Teburin cin abincinmu ya koma shago, kika raɗa mini Sarkin Jabu, har yayanki ya kama sunan ya ƙi saki.

Wayyo ranar da ya fara bugawa! Ba ni da na'urar da masu sana'ar ke auna gudun agogo da ita, sai na ɗora babban yatsana a wuyan hannunki, na kara kunne a kan injin, ina gyara shi da wasa har na ji tafiyarku ta zo ɗaya. Kina dariya, kin leƙo ta kafaɗata ba ɗankwali, ƙamshin man kitsonki ya cika mini hanci. Wa zai tuna da ƙa'ida a irin wannan hali? Masu aikin nan ba sa rufe murfin baya sai sun hure ƙura sun duba da madubi. Ni ke nake kallo, na rufe kawai.

Tun ranar da kika yanke jiki kika faɗi a kicin, nas a asibiti ta kwance agogon daga hannunki ta miƙo mini, ban murɗa shi ba ko sau ɗaya. Irinsa kwana biyu yake yi ya tsaya. Ga shi makonni sun shuɗe, yana nan yana tafiya. In na ajiye shi a tebur na fita aiki, na dawo na ɗauka, sai in ji bayansa da ɗumi, kamar yanzu aka cire shi daga jikin mutum.

Kin san abin da na fi alfahari da shi, tsinken daƙiƙa da ke sulalewa sumul irin na asalin. Ya daina sulalewa, farin cikina. Taku yake yi yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a bakin gadonki na kalle shi, na kalli na'urar da ke ƙirga bugun zuciyarki, tare suke takawa, ko kuskure babu. Rannan da zan tashi agogon ya bugi ƙarfen gado, na'urar ta tsala ihu, nas-nas suka shigo a guje. Na gaya wa yayanki, ya ce, "Sarkin Jabu, ka ji tsoron Allah, ƙarfe ne fa kawai. Je ka ci abinci ka yi barci." Gaskiyarsa. Na san rai a hannun Allah yake, na yi istigfari ba adadi. Amma tsoro nake ji, ƙaunata, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Yanzu kuma agogon ya fara ja da baya. Likita ya ce zuciyarki na rage ƙarfi, sun duba ba su ga dalili ba. Da safen nan na zauna bakin taga inda haske ya fi kyau, na buɗe murfin, na sa madubi a ido, sai ga shi: silin gashinki guda, baƙi wuluk, ya nannaɗe siririn sifirin, zaren ƙarfen da ke juya wani ɗan wili mai kai da komo a cikin injin. Duk bugu ɗaya yana ƙara shaƙe shi.

In na bar shi, zai tsaya da kansa. In kuwa zan zare gashin, dole in dafe wilin da hantsaki, agogon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan in sake shi. Yakan tashi da kansa. Wani lokaci kuma ba ya tashi.

Ga roƙona, ke da kika jure mini shirmen duniya, kika ci abinci a kan cinya don sukurorina su samu tebur: ki jure mini wannan ma. Numfashi ɗaya kawai nake nema. In kin ji ko'ina ya yi tsit, kada ki firgita, kada ki bi kowace hanya da ta buɗe miki, komai kyanta. Ni ne, ba kowa ba, hannun nan ne mai kaushi da kike yi wa dariya. Ki tsaya inda kike ki jira ni. Wa zai kira ni Sarkin Jabu ya yi daɗi in ba ke ba? Agogon jabu ne, na yarda, amma son da ke cikinsa ban kwaikwayi na kowa ba.

Na wanke hannu, na yi alwala, hantsaki na gabana, wayata na gefe.

Naki a yau, naki ko agogo ya tashi ko bai tashi ba,
Mijinki.

Auta, in kin kawo nan, ki riƙe hannunta, ki sa ido a kan na'urar. Sai ki kira ni, sannan in dafe wilin.