Lambun Kawuna Na Bar Wa Tsutsa Saboda Bincikena

Assalamu alaikum Anti Rabi'a. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma abin ba na faɗa wa 'yan gida ba ne. Ki sakaya sunana.

Ni malama ce a Gusau, ina karatun digiri na uku a fannin ƙwari. Tun ina yarinya ake yi mini tsiya a gida, wai sauran 'yan mata na wasan 'yar tsana ni ina tsugune ina kallon tururuwa. To ga shi tururuwar ce ta zama sana'ata. Bincikena a kan ƙudan nan ne da ke huda mangwaro ya saka ƙwai, ki ga ɗan mangwaro sumul a waje, ki yanka ki tarar da tsutsa. Akwai wata jar tururuwa mai ɗinke ganye ta yi gida a kan bishiya. Manoma sun tsane ta saboda cizo, amma inda take da yawa ƙudan ba ya sakewa ya zauna. Burina in nuna cewa a ƙasarmu ma za ta iya tsare mangwaro ba sai an yi ta feshin guba ba.

Ga inda matsalar take. A irin aikinmu ba a cewa abu ya yi amfani sai an gwada shi da inda babu shi. Dole a samu lambu mai tururuwa, a kuma samu wani da za a raba shi da ita, a hana feshi, a zuba ido a ga iya ɓarnar da ƙuda zai yi. Na farkon na samu a 'Yandoto, wajen wani manomi Malam Sahabi. Na biyun ne ya gagara. Lambunan da ke nesa da titi ba sa shiguwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, na kusa kuma na san halin mutane, za su ce mini to, ina juya baya su ɗauko abin feshi.

Sai na tuna da ƙanin mahaifiyata da ke Bungudu, zan kira shi Kawu Lawali. Mutum ne da in ya ce to, to ɗin ke nan ko sama za ta faɗo. Shi ne ya tsaya kai da fata na ci gaba da karatu bayan rasuwar Baba, a bayan babur ɗinsa ya riƙa kai ni jarrabawa. Anti, ba ƙuri'a na jefa ta faɗa kansa ba. Zaɓarsa na yi da hankalina, don na san shi kaɗai ne ba zai ci amanata ba.

Abin da na ce masa kawai shi ne lambunsa ya shiga bincikena, kada ya yi feshi. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi sauran ba. Na sa aka sassauke gidajen tururuwar da ke bishiyoyinsa, yana ta sa mini albarka wai na raba shi da masu cizo. Na ɗaure gindin kowace bishiya da ƙyalle mai danƙo don kada tururuwar ta sake hawa. Shi kuwa ya ɗauka ƙyallen nan shi ne sabon maganin. Na ga ya ɗauka haka, na yi shiru. Har a ƙofar masallaci yake ba da labari, wai 'yarsa ta kawo maganin da ba a fesawa, ɗaurawa ake yi. In ƙyalle ya kwance, da hannunsa yake gyarawa ya buga mini waya ya shaida mini.

Da mangwaro ya nuna bara, na Malam Sahabi ya yi kyau har 'yan sari suna rububi. Na Kawu kuwa ƙasa ya yi ta zubowa, lambun duk tsami da ƙuda. Masu saye suka yanka biyu uku suka juya motarsu. Da wannan lambun yake cike gurbin hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, bara sai da ya sayar da tumakin matarsa. Abin da ya fi ci mini rai, ranar da na je auna ɓarnar, shi ne yake ba ni haƙuri. Wai kada in karaya, magani ba ya ci a shekarar farko, Allah ne bai nufa ba. Ni kuma a zuciyata, Allah ya yafe mini, har da ɗan farin ciki, domin sakamakon ya fito yadda nake fata. Na koma mota na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Yanzu mangwaro ya fara fure. Malamin da ke duba aikina ya ce shekara ɗaya ba hujja ba ce, sai na maimaita a lambunan nan dai. Maigidana ya ce in daure in ƙarasa, in an gama in kyautata wa Kawu, ai manoma dubbai ne za su amfana. Shekaranjiya Kawu ya aiko a tambaye ni yaushe zan kawo sabon ƙyalle. In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron aikin shekaru ya rushe, na kuma fi tsoron irin kallon da zai yi mini. In na yi shiru, na san abin da zai sami mangwaronsa bana, na ma fi kowa sani. Ya zan yi?

Taki,
Mai Kiwon Tururuwa, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki da kyau, kuma ba zan ɓoye miki ba, kin yi kuskure. Sai dai ki gane inda kuskuren yake. Barin wani lambu babu kariya don a gwada ba laifi ba ne, haka aikinku ya gada, kuma aiki ne mai amfani ga duk wanda ya taɓa yanka mangwaro ya jefar. Laifin shi ne mai lambun bai sani ba. Asara ce aka ɗora masa ba a tambaye shi ko zai iya ɗauka ba. Cewa ba ki yi ƙarya ba kuwa, ke ma kin san ba ta kwantar miki da hankali, da ta kwantar, da ba ki rubuto ba.

Maigidanki ya yi gaskiya cewa mutane da yawa za su amfana. Amma masu amfanar ba su ne suka sayar da tumaki ba. Kyautatawar da za a yi wa mutum a bayan idonsa, bai san dalilinta ba, ba ta zama biyan haƙƙi.

Ki fara da malaminki. Ki gaya masa mai lambun bai san matsayin lambunsa ba. Na tabbata makarantarku tana da ƙa'ida a kan neman yardar manomi, kuma gara ya ji daga bakinki. Ku duba ko za a ware 'yan bishiyoyi kaɗan maimakon lambu duka, ko a nemi wani wurin da mai shi ya yarda ido buɗe, tare da alkawarin cike masa abin da ya rasa. Idan hakan zai ja miki ƙarin shekara, ki ɗauka. Digiri zai jira, furen da ke kan bishiya yau ba zai jira ba.

Sannan ki tafi Bungudu cikin makon nan da ƙafarki, ban da waya, ban da aike. Ki same shi shi kaɗai, domin mutumin da ya yi shela a ƙofar masallaci kunya ce za ta fara kama shi kafin fushi. Ki faɗi komai, har da dalilin da ya sa kika zaɓe shi. Ki nemi gafara, ki ɗauki nauyin asarar bara gwargwadon ƙarfinki. Kada ki roƙe shi ya bar ki ki ci gaba a zaman nan, don zai iya cewa to saboda ƙauna, ki sake cin moriyar halinsa. Ba zan yi miki alkawarin zai yi dariya ya ce ba komai ba. Yana iya ɗauke miki kai na ɗan lokaci, kuma yana da haƙƙin yin haka.

Kin san abin da ke tsare mangwaro fiye da kowa a garinku. Wannan ilimin, Kawunki ne ya fi kowa cancantar ya fara cin amfaninsa, kuma bana, ba bayan an ba ki takarda ba. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa albarka a lambunsa da karatunki, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Anti Rabi'a