Rimot Mai Jin Magana

Lakwaya, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da raƙuman Larabawanka da kake yi wa allura a can Oman. Yaya aiki, yaya zafi, yaya kuma kewar tuwon dawa? Mu nan lafiya lau. Maigidana Hambali yana gaishe ka, yara ma haka. Damina ta yi kyau, gero ya fara sunkuyar da kai.

Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in tura maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Mun mayar da Inna wajen likitan ido a Kano. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, maganar ba daɗi. Hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, na daman ma gefe-gefensa ya tafi, saura tsakiya. Maganin ɗigawa yana rage masa gudu ne kawai. Na tambayi likitan ko ganin zai kai lokacin da kwantiraginka zai ƙare, sai ya ce mu yi ta addu'a. Ita kuwa Inna ko gezau, tambayarta ɗaya ita ce ko mun sayo wa awaki kanwa.

Ka yi mini ƙorafi cewa duk kiran bidiyon da ka yi, rufin ɗaki kake gani, ko gefen mayafinta. To me kake so ta yi? Kai ne ɗan fari. Tun da aka yaye ka aka miƙa wa Goggo Asta, ni dai ban taɓa ganin Inna ta dube ka ido cikin ido ba, balle in ji sunanka a bakinta. Ɗan Goggo take ce maka, shi ma sai ta kama dole. Kunyar ɗan fari ba a kanka aka fara ba, amma ta Inna ko a cikin danginmu ta yi fice. Wayar ma da kake magana, fuskarka a ciki ba ta fi ƙwai girma ba, kuma ta san kana kallonta.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ina tsoron hasken nan ya ɗauke alhali matar da ta haife ka ba ta taɓa ƙare wa fuskarka kallo ba.

Shawarar da ka kawo ta shige ni. Tunda kana ɗora bidiyon koyar da kiwo a intanet, kuma ga talabijin da sola da ka sa mata, a samo na'urar da za ta kawo ka cikin allon, babba, ta kalle ka ba tare da kana kallonta ba. Jibi in Allah ya kai mu Hambali zai kai ni Gwarzo. Ban san komai a kan waɗannan abubuwa ba, amma na san uwata, da wannan zan yi ciniki.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Naja'atu


Lakwaya, ranar Alhamis

Yaya Zainu,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fata murar da na ji a muryarka ta sake ka. Inna tana nan da sauƙi, tana ɗiga magani idan na tsaya a kanta.

Mun je Gwarzo, shagon wani Nata'ala da ke kusa da tasha, mai sayar da kayan lantarki. Mutumin yana da baki, amma yana da haƙuri. Da farko ya ɗauko mini wani baƙin akwati mai kyamara a goshi, ya ce da shi har kiran bidiyo za a yi a talabijin, ku ga juna. Na ce ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ranar da Inna ta gane abin yana da ido, zani za ta lulluɓa masa.

Sai ya kawo wani ɗan ƙarami da ake sokawa a bayan talabijin, wanda sai an turo masa hoto daga babbar waya. Shi ma na ƙi. Ka san wayar Inna, mai tocila ce, kuma ba na so ya zama sai ina wurin za ta kalla. Wani kuma rimot ɗinsa maɓallai birjik kamar an watsa wake, ga rubutun Turanci ƙanana. Mai ido biyu ma sai ya yi da gaske.

Har na fara gajiya, sai ya ce bari ya nuna mini na ƙarshe. Shi ma a bayan talabijin ake soka shi, bai fi ɗan yatsa biyu ba, amma rimot ɗinsa jin magana yake yi. Ya danne maɓalli ɗaya, ya ce Ka'aba. Yaya, kafin ya rufe baki sai ga Harami ya cika allon, mutane suna ɗawafi, kuma ya rantse mini ba tsohon hoto ba ne, a wannan lokacin suke zagayawa. Ina tsaye a Gwarzo, ƙurar 'yan acaɓa a ƙafata, ina ganin wata tsohuwa a Makka tana gyara mayafi. Ban san sanda na fara salati ba, Hambali kuwa hula ya cire ya sake mayarwa.

Ya miƙo mini ya ce in gwada. Na faɗi sunanka, da Dakta ɗinka a gaba. Sai ga ka, fuskarka ta fi faifai faɗi, kana buɗe bakin ɗan maraƙi kana bayanin ciwon hanta. Har furfurar da kake ɓoye mana a gemu na gani. Wai a ce abin da ba ya ci ba ya sha, ya ji sunan ɗan Lakwaya ya je ƙarshen duniya ya nemo shi. Allah da iko yake. Ban ƙara tambayar komai ba na ce a naɗe. Nata'ala ya haɗa mana da ɗan akwatin da ake sa wa layi ya ba da intanet, ya ce mu rataye shi inda sabis ya fi ƙarfi. A gidan Inna, tagar da ke kallon turken awaki ce.

Duk hanya ina yabon kaina. Ba karatu, ba neman maɓalli, magana kawai. Sai da muka haɗa komai, na danƙa wa Inna rimot, na buɗe baki zan gaya mata abin da za ta ce, sannan na farga. Na sayo wa Inna na'urar da ba ta kawo mutum sai an kira sunansa.

Ta gane kafin in gane. Ta ce a nuna mata Makka dai, ita ce ta dame ta. Ta kalli ɗawafi har la'asar, tana hawaye tana tasbihi. Da na faɗa wa rimot sunanka a gabanta, ta miƙe wai ta ji akuya ta shiga rumbu. Jiya na kunna ka na fita na bar mata ɗakin, na dawo na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, kai kuma kana ta yi wa kujeru lacca. Ta san don ita aka kunna, kuma ta san za a san ta kalla.

Hambali ya ce mu mayar mu karɓo mai maɓallai. Wa zai danna mata? Na ce a bari tukuna. Ka taya ni addu'a, don ni dabarata ta ƙare.

Taka,
Naja'atu


Lakwaya, ranar Talata

Yayana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina fata kana lafiya, kuma ina roƙon ka nemi wurin zama kafin ka karanta wannan. Kowa lafiya, kada ka tsorata.

Kwanakin baya na lura Inna tana taɓa rimot idan ba kowa. Na shigo wata rana na tarar da bikin wasu mutane da ba mu sani ba yana ta gudana a allon, ana ta liƙi. Na tabbata Ɗan Goggo ta ce masa, shi kuma ya kawo abin da ya samu.

Yau da hantsi na fita zuwa makarantar da nake koyarwa, na yi nisa sai na tuna ban ɗiga mata magani ba. Na dawo ta ƙofar baya. Gidan shiru, mutane duk suna gona. Ina isa gindin taga na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri.

“Zainulabideen.”

Na'urar ba ta ji ba, don Inna ta yi ƙasa da murya da yawa. Ta sake faɗa. Nan ma na'urar ba ta ji ba. Inna ta gyara murya ta faɗe shi sosai, tiryan-tiryan, yadda liman yake faɗa ranar suna. Ashe ta iya shi, Yaya. Ashe yana nan a bakinta duk shekarun nan, ba ko tuntuɓe. Ban taɓa jin sunan nan ya yi daɗi haka ba, kuma na ji kunya kamar na leƙa abin da bai halatta in gani ba, amma na kasa tafiya.

Sai ga muryarka ta cika ɗakin. Na leƙa ta gefen labule. Ta jawo kujerar tsugunno har gaban allon, ta karkata kai don idon daman ya samu tsakiya. Ta ɗora tafin hannunta a gilashin, ta bi goshinka, ta bi kunnenka, ta tsaya a gemu. Kana ta zancen tsutsar ciki, ita ko kalma ɗaya ba na jin ta saurara. Can na ji ta ce, ita kaɗai, “Har ya yi furfura, ban gani ba.”

Da bidiyon ya ƙare allon ya ɗauke ka, sai ta sake ɗaga rimot ta kira ka. A nan na zame na zauna a turken awaki na yi kukana ya ishe ni. Makaranta kuwa sai da aka fita tara na isa.

Da yamma na je na ɗiga mata magani. Tana kwance idonta a rufe, ta ce in gaya wa Ɗan Goggo hular nan tasa tana rufe masa goshi, kuma yana yawan juya baya yana nuna dabba. Ba ta ce a ina ta gani ba, ni ma ban tambaya ba.

Don haka ga roƙona. Kada ka taɓa nuna mata ka sani, kuma kada ka kuskura ka gaishe ta a cikin bidiyo, in ka yi ta daina ke nan. Ka ture hular baya. Ka matso kusa, ka sa haske a fuskarka. Idan ka gama bayanin dabbobinka kada ka yi saurin kashewa yadda ka saba. Ka ɗan zauna shiru ka dubi gaba, ko ba ka da abin cewa. Akwai mai kallo a Lakwaya da ba bayanin take so ba, kuma lokacinta kaɗan ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Naja'atu