Jirgin da na yanka daga kularki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi da yalwa a makwancinki. Mu nan Malanville muna nan yadda kika bar mu. Ƙanwata Hadiza lafiya lau ita da yaranta, ɗakinki kuma na gyara rufinsa kafin damina. Ina rubuta wannan ne a inda mutane za su gani, domin masu kallon hotunan ƙaramin jirgin saman da na ƙera a waya sun ishe ni da tambayar abin da ya hana ni zuwa Kwatano. Na gaji da cewa Allah bai yi ba. Ke zan gaya wa gaskiya, su kuma su ji.

Kin tuna kularki ta farin soso, wadda kike ɗauka a ka zuwa kasuwa cike da ƙanƙara da zoɓo? Tun ina ƙarami nake zagaya ta, ina auna ta da ido, domin ban taɓa ganin abu mai girma haka da rashin nauyi haka ba. Kina kama ni ina kallonta sai ki ɗaga ludayi ki ce, "Kai da kular ga, sai ɗayanku ya ga bayan ɗaya."

Da aka zo rabon kayanki, Hadiza ta ɗauki zannuwa da tukwane, ni na ce a ba ni kula. Dangi suka yi ta dariya, wai ɗan kabu-kabu zai ajiye babur ya koma sayar da zoɓo.

Ban yanka ta nan da nan ba. Sai da na ƙera jirage da kwali da soson da ake naɗe firji da shi, na karya su ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya faɗa. Ƙaramin inji da farfela da telekomand, wato akwatin da ake tuƙa jirgin da shi daga ƙasa, duk da gumin babur na saye su, wani direban Kwatano ya riƙa kawo mini. Sai da na tabbata ba zan ɓata miki kula a banza ba, sannan na sa mata wuƙa. Jirgin da ya fito ya fi buɗin hannuwana faɗi. A ƙarƙashin fiffikensa na hagu akwai jan zoɓon da ya kama soson tun kina raye, na bar shi yadda yake.

A fadamar shinkafa ta hanyar Madekali nake tashinsa bayan an yi girbi, nesa da gadar da ta haɗa mu da Nijar, domin jandarma ba sa wasa da abin da ke yawo a sama kusa da iyaka. Inna, da kin ga yadda yake hawa. Makiyaya sukan tsaya su bar shanu suna kallo. Ni kuwa a duk rayuwata babu inda nake jin ni wani ne sai wurin nan.

Hotunan da nake sakawa a waya su suka kai ni ga masu irin wannan sana'a a Kwatano. Suna da taro duk shekara, kowa ya kawo jirginsa a gwada gwaninta, kuma suka gayyace ni. Suka ce ba su taɓa samun mutum daga can ƙarshen arewa ba. Amma tafiya tana son guzuri, batirana sun tsufa, ga kwanakin da babur zai yi a jingine. Da na gaya musu, suka ce ai abu mai sauƙi ne, in nemi mai ɗaukar nauyi. Wani ɗan kasuwa ya biya, a rubuta sunansa a fiffike, ni in tuƙa, shi sunansa ya zaga. Suka faɗe shi kamar a bakin hanya ake tsintar irin mutumin.

Na zaga kasuwar nan har takalmina ya san kowace rumfa. Mai shagon waya ya ce in dawo, na dawo ya ce in sake dawowa. Mai sayar da fetur ya dubi gemuna ya tambaye ni ko ban ji kunyar wasan yara ba. Wani kuma ya ja ni gefe, ya rage murya, yana son ya san ko jirgin zai iya tsallaka da kaya Gaya ta Nijar ba tare da duwan, wato kwastan, sun gani ba. Shi kaɗai ne ma ya ɗauki abin da muhimmanci.

Daga ƙarshe na je wurin Alhaji Namata mai albasa, wanda kike ajiye kularki a inuwar shagonsa. Ban gama bayani ba ya ce, "Ɗan Rabi na? Ai ɗana na. An gama." Na fito ina jin kamar in rungumi duk wanda na gamu da shi. Ya sayi batira sababbi, ya yi alkawarin tafiya, ya kira mai fenti ya rubuta sunansa a fukafukan biyu da manyan baƙaƙe, sama da ƙasa. Fentin ya rufe jan zoɓonki. Abin ya sosa mini rai, amma na ce ai haka aka yi sharaɗi.

Abin da mutanen Kwatano ba su sani ba, ni kuma na ƙi gani, shi ne garinmu bai san mai ɗaukar nauyi ba. Ubangida ya sani. Daga ranar da fenti ya bushe na zama yaron Alhaji. In baƙonsa ya sauka a tasha ni ne mai ɗauko shi, in gidansa na son cefane ni ake kira, ko dala kuwa ba a maganarta. Na shanye duk wannan, ina cewa in dai zan kai kularki Kwatano, to, ya yi arha.

Ana saura ƙiris in tafi, Alhaji ya ce baƙinsa za su ga jirgi. Fataken albasa ne daga Nijar da suka tsallako a kwale-kwale, da wasu daga kudu. Na roƙi a je fadama, inda in wani abu ya faru ƙasa ce za ta tare shi. Ya ce manyan mutane ba za su shiga daji don kallon abin wasa ba. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru a bakin gulbi, can ƙasa da gari, lokacin ruwa ya cika yana gudu.

Bayan la'asar na tashe shi. Ban taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Na hau da shi har ya zama ɗigo, na sauko da shi ya shafi saman ruwa, na juya shi ya wuce bisa kawunansu suna karanta sunan Alhaji da baki. Tsofaffi suna salati, wani ya cire hula bai sani ba. Na ce a raina, Inna, ga kularki.

Jirgin yana sama, a tsakiyar gulbi, Alhaji ya miƙo hannu daga kujerarsa. "Miƙo nan, yaro, in gwada."

Kin san abin da kika ɗora ni a kai. Tun ban iya ɗaure wando ba kike cewa, "Kak ka bari babba shi miƙo maka hannu shi maida shi wohi, Hamidu. Ko mi kaka riƙe da shi, ba shi." Da wannan kika raine ni, da baki da ludayi. Ga hannun Alhaji a miƙe, ga baƙinsa sun zuba ido, ga dattawan kasuwa da suka san ki. In na hana, kafin magariba gari ya ɗauka cewa ɗan Rabi ya kunyata mai gidansa a gaban baƙi, a ce uwarsa ba ta ba shi tarbiyya ba. In na bayar, na san abin da zai biyo baya, domin jirgin nan in ya fuskanto ka damarsa takan zama hagunka, kuma wannan kaɗai sai da ya ci mini jirage kafin in saba.

Gwiwoyina suka riga ni yanke shawara. Na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Bai daɗe ba. Jirgin ya juyo yana fuskantar mu, ya ɗan karkata, Alhaji ya danna ta inda bai kamata ba, ya ƙara dannawa da ƙarfi kamar mai murɗa kunnen jaki. Jirgin ya kifa da ka, ya daki ruwa, fukafukan suka rabu da jikin. Soso ba ya nutsewa, Inna, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ina tsaye ina kallon farin ɓallensa yana tafiya a kan ruwa, ba kwale-kwale kusa, har ya sha kwana.

Sai jama'a suka taso. Wurin Alhaji suka taso. Sannu Alhaji, Allah shi maida alheri Alhaji, kada ka sa abin a rai Alhaji. Ba wanda ya dube ni. Ya miƙo mini telekomand yana goge hannu da babbar riga, ya ce wa baƙinsa, "Wanga abu bai da ƙwari. Iska ɗai ta kada shi." Suka gyaɗa kai. Ni kuma da bakina, ina durƙushe, na ce ba komai, Alhaji.

Maganar tafiya ta mutu a nan. Ya aiko a gaya mini tunda babu jirgi babu abin kaiwa Kwatano, in na ƙera mai ƙwari in zo a duba.

Ina fushi, Inna. Ina fushi da Alhaji, ina fushi da dattawan da suka ga komai suka yi masa jaje, kuma ki gafarce ni, ina fushi da ke. Kin koya mini gaisuwa, kin koya mini durƙuso, kin koya mini miƙa abu da hannu biyu. Ba ki taɓa koya mini yadda ake cewa a'a cikin ladabi ba, ko sau ɗaya. Na nemi kalmar a bakina ranar nan ban same ta ba, domin ba a taɓa saka mini ita ba.

Amma in na huce nakan tuna ke wace ce. Mace ce ke da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu da kula ɗaya, ba rumfa, ba dangi masu ƙarfi. Inuwar da kike zama ta wani ce, in ya ga dama gobe ya ce ki tashi. Da ladabin nan kika ciyar da mu. Abin da ya tsare ki shi kika ba ni, ba ki da wani. Na san wannan, kuma sanin bai rage mini zafi ba.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa ko Hadiza ba. Masunta sun tsinci fiffike guda a cikin ciyawa wajen Madekali. Mutanen kirki ne, suka nemi wanda ya iya karatu ya duba, suka kawo shi ga mai sunan da ke jiki. Alhaji ya ba su tukuici, ya sa aka rataye shi a saman sikelin albasa. Duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin ranar da ya tuƙa jirgin sama.

Na je in karɓa. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na ce fiffiken nan daga kular mahaifiyata yake, shi kaɗai ya rage mini. Ya yi dariya ya ce, "Mi za ka yi da ɓallen soso? Bar shi nan, baƙi na son ganinai." Na yi godiya, na tashi. Kullum sai na wuce ƙofar shagon da fasinja a bayana, in ɗaga hannu in gaishe shi.

In Allah Ya ba ni ɗa, zan koya masa gaisuwa yadda kika koya mini, ba zan rage komai ba. Amma zan koya masa ya mayar da abinsa bayansa ya riƙe, ko wa ya miƙo hannu. Ki yafe mini wannan tun yanzu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa mutanen kasuwa maƙoshi a tsakiyar rana. Ya yaye mini wannan ɗacin kafin in zo in same ki da shi. Ya ba ki inuwar da ba ta kowa ba ce sai taSa, inda ba sai kin durƙusa wa wani ba kafin ki zauna. Amin.

Ɗanki da ke kewarki,
Hamidu